Sarki Goma, Zamani Goma

Magabata, da suka lura cewa kowane mai mulki yakan zo da ɗabi'arsa da fadawansa da hukuncinsa, har talakawa su sake salon zama gwargwadon halinsa, sai suka ce sarki goma zamani goma. Abin lura a nan shi ne ba su gindaya sharaɗin daɗewa ba, domin wanda ya shekara arba'in a kan gado da wanda ajali ya riska kafin damina ta zagayo, kowannensu zamani guda aka lissafa masa.

Tarihin Zazzau ya isa hujja. A shekarar 1846, bayan rasuwar Sarki Abdulkarimu na gidan Katsinawa, aka naɗa Hammada ɗan Yamusa na gidan Barebari, wanda bai cika wata biyu da sarauta ba Allah Ya karɓi ransa, ɗan'uwansa Mamman Sani ya gaje shi. Mai gaggawar hukunci zai ce sarautar Hammada ba ta haifar da kome ba, alhali kuwa a al'adar masarauta naɗin uba shi ne ke ƙarfafa haƙƙin 'ya'ya, saboda haka waɗannan 'yan kwanaki suka wadatar wajen mayar da zuriyarsa 'ya'yan sarki. Ɗansa Abdullahi ya yi sarauta, jikansa Yero ya yi, haka kuma Kwasau ɗan Yero, wanda Turawa suka tarar a kan gado suka tuɓe, da Dalhatu ɗan Yero, wanda a zamaninsa aka kafa tashar binciken aikin gona ta Samaru a 1922, lokacin da Sabon Gari ke bunƙasa a gefen tashar jirgin ƙasa.

Hikimar wannan magana ta shafi duk wanda aka ɗora wa amana, ko shugaban sashe ne a jami'ar Samaru, ko sarkin kasuwa a Sabon Gari, ko limamin unguwa. Kada ya raina wa'adinsa don gajartarsa, kada kuma ya jinkirta adalci yana jiran ya kafu, tun da yake tsawon kwana yana hannun Allah Maɗaukaki, kuma abin da za a tambayi bawa ranar hisabi shi ne yadda ya riƙe jama'a a cikin kwanakin da aka ba shi, ko da ba su wuce sittin ba.