Biskit ɗin Gyaɗa da Ƙwayar Ƙarin Jini

Jar ƙwayar nan ta ƙarin jini da ake bai wa masu juna biyu a wajen awo, sau da yawa a gindin kwalla take ƙarewa. Wata ta ce tana tayar mata da zuciya, wata kuma uwar miji ce ta tsawatar: kada ɗa ya yi ƙato a ciki, haihuwa ta zo da gardama.

Ba na raina wannan tsoron, don duk wadda ta taɓa ganin doguwar naƙuda ta san abin da take gudu. Sai dai an gwada ƙara wa masu ciki abinci, an gani. A ƙauyuka 28 na yankin Kiang ta Yamma a Gambiya, masu bincike sun riƙa bai wa masu ciki na wasu daga cikin ƙauyukan biskit na gyaɗa da garin shinkafa da sukari kullum. Sakamakon da ya fito a 1997 ya nuna nauyin jarirai ya ƙaru da giram 136, a damina kuwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga aikin gona a wuyan mace, ya kai giram 201. Kan jariri bai ƙaru ba sai da 'yan milimita, haihuwa ba ta ƙara wuya ba, kuma 'ya'yan da ake haifa babu rai suka ragu sosai. Wannan kaɗai ya isa riba.

Da aka koma kan yaran suna da shekara 11 zuwa 17, ba a ga wani bambancin kirki a jikinsu ba. Ni hakan bai ba ni mamaki ba. Takin da aka zuba ranar shuka ba ya hana gero yin yaushi idan ruwa ya ɗauke. Gudawa da zazzaɓin cizon sauro da kunun yaye marar gina jiki suna nan suna jiran yaro a waje.

Wani amfanin kuma sikeli ba ya kama shi. A gundumar Sarlahi ta Nefal, wani bincike na 2010 ya gano cewa yara 'yan shekara 7 zuwa 9 waɗanda iyayensu mata suka sha sinadarin ayon na ƙarin jini da folik asid lokacin da suke da cikinsu sun fi tsararsu riƙe abu a ka da iya aikin yatsu.

Shi folik asid yana da gaggawa, domin tushen laka da ƙwaƙwalwar ɗan tayi yana rufewa cikin kwana 28 na farko, tun mace ba ta tabbatar da ciki ba. Matanmu kuwa sai ciki ya turo riga suke zuwa awo. Amarya ya kamata a fara ba wa.