Maƙala Kan Zaɓen Macijin da Za a Ƙara a Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsarki ya tabbata ga Mahaliccin da bai bar ko mai jan ciki ba tare da arziki ba, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, a Amurka da Turai akwai masu kiwon macizai cikin akwatunan gilashi a ɗakunansu, kamar yadda ake kiwon tattabaru a wajenmu. Idan ɗayansu ya so ƙarin wani, launi yakan fara tambaya, alhali launi ne ya kamata ya zo ƙarshe.

Musulmi dai ya fara da hukunci. Malaman fiƙihu da dama sun hana cinikin maciji, domin a ganinsu cuta ce ba amfani. Wanda kuma ya riga ya tsare dabba, ya tuna matar da Bukhari da Muslim suka ruwaito labarinta, wadda ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Tsarewa amana ce, kuma amanar maciji doguwa ce.

Dubi ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa in ta tsorata, wadda Turawa suka fi so. 'Yar yankinmu ce: daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da mafi yawan waɗanda ake kamowa, ƙarƙashin sa idon yarjejeniyar CITES. Da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, ba ta da dafi, ga sanyin hali. Sai dai takan kai shekara 30, kuma takan ƙaurace wa abinci watanni, mai ita ya yi ta zullumi. Saurayin da ya saye ta yau, da ita zai yi furfura. Na fi ganin dacewar macijin masara na kudu maso gabashin Amurka, wanda ba ya tsirfa wajen cin ɓera, da sharaɗin a hannun masu kiwonsa aka ƙyanƙyashe shi, ba daga daji aka raba shi da mazauninsa ba.

Mesar Burma kuwa a yi nesa da ita. Takan haura mita huɗu, kuma sakin da wasu suka yi mata bayan ta fi ƙarfinsu na cikin abin da ya cika fadamar Everglades ta Florida da ita, har Amurka ta hana shigo da ita a 2012. Masu dafi, irin su kasa da kumurci da kububuwa, ba sai an ja magana ba. Mai shakka ya leƙa asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo.

Ko wanne aka zaɓa, a ware baƙon a ɗaki dabam wata biyu zuwa uku, kada ya sa wa na gida ƙwari ko cutar numfashi. Kada kuma a haɗa macijin da ake kira sarki da wani a akwati ɗaya, domin macizai na cikin abincinsa.