Yaro Mai Asma: Ku Koya Masa, Ba Kullum Kuke Tare da Shi Ba

 

Maganata ta yau da ku ce, ku da Allah ya jarrabe ku da ɗa ko 'ya mai ciwon asma, wato fuka. Na san ba sakaci gare ku ba. Na san irin daren da uwa ke kwana a zaune, yaro jingine a jikinta, ƙirjinsa na kuka, uban kuma ya fita cikin sanyin hunturu yana neman kemis ɗin da bai rufe ba. Ba mai cewa ba ku ƙoƙari. Sai dai akwai gyara guda da nake so ku karɓa daga gare ni, ba don na fi ku son yaran ba, sai don na riga ku ganin jiya. Kuna yi wa yaro komai, amma ba ku koya masa komai ba. Maganinsa na cikin jakar uwa, ko a kulle cikin durowar uba. Bai san sunan maganin ba, bai san lokacin shansa ba, wani ma bai san sunan ciwon da ke damunsa ba. To, ranar da abin zai taso masa a filin makaranta, ko a islamiyya, ko a gidan kakarsa lokacin hutu, kuna ina?

Mu fara da ɓoye-ɓoyen nan. Likita ya ce asma ce, ku kuma kun dawo gida kuna cewa sanyi ne ya kama shi. In 'ya mace ce abin ya fi tsanani, ana tsoron kada magana ta fita ta hana ta miji nan gaba. Haba 'ya'yana! Ai sai da rai ake aure. Asma ba ta yaɗuwa. Ba a ɗaukarta a kwanon abinci, ko kofin ruwa, ko kwana ɗaki ɗaya. Ba jifa ba ce, ba sammu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke ɗauke da ita, kuma ita ce kan gaba cikin cututtukan da ke daɗewa a jikin yara. A shekarar ta yi ajalin kimanin mutum 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ba a gano ciwon da wuri, ko maganin da ya dace bai isa hannun mai shi ba. Ciwo ne da ake zama da shi lafiya har tsufa. Ɓoyo da rashin sani ne ke ba shi damar kisa.

Don haka ku zaunar da yaro ku faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa. Hanyoyin iskar da ke cikin huhunsa ba su da juriya. Idan ƙura, ko hayaƙi, ko iska mai sanyi, ko mura ta taɓa su, sai cikinsu ya kumbura, majina ta taru, naman da ke kewaye da su ya tsuke, numfashi ya rasa hanya. Ku ba shi tsinken shan lemo ya hura iska ta ciki, sannan ku ɗan matse tsakiyar tsinken ya sake hurawa. Ɗan shekara 5 ma zai gane abin da ke faruwa a ƙirjinsa. Yaron da ya fahimci ciwonsa bai cika firgita ba, firgita kuwa ƙara toshe numfashi take yi.

Abu na biyu shi ne tsoron inhela, wato maganin da ake fesawa a shaƙa. Ina jin kuna cewa in yaro ya fara ta ba zai iya rabuwa da ita ba, ko kuma sai ciwo ya kai gargara ake ba da ita. Wannan magana ba ta da tushe. Inhela ba ta sa jaraba. Hikimarta ita ce kai ɗan ƙanƙanin magani kai tsaye inda ciwon yake. Fesa ɗaya ta salbutamol, wanda kuka fi sani da Ventolin, maikrogiram 100 ce kacal, alhali ƙwayar salbutamol mai miligiram 2 ta ninka ta sau 20. Ƙwayar sai ta bi ciki, ta zaga jini, ta daɗe ba ta fara aiki ba, ga rawar hannu da bugun zuciya. Amma sai a guji inhela a runguma ƙwaya da allurar kemis. Mafi ban tsoro su ne ƙwayoyin dekza da firednisolon da ake saya barkatai. Likita kan rubuta irinsu na 'yan kwanaki idan ciwon ya yi tsanani, wannan daban. Amma a riƙa ɗirka wa yaro su wata da watanni don an ga suna kwantar da tari, fuska ta kumbura, ƙashi ya yi rauni, girma ya tsaya, wannan ba gata ba ne.

Inhela kuma ba iri ɗaya ba ce, nan ne darasin da ya kamata kowane yaro ya haddace. Akwai ta agaji, galibi shuɗiya, wadda ke buɗe hanyoyin iska cikin 'yan mintoci idan ƙirji ya tsuke. Akwai ta rigakafi, galibi ruwan ƙasa ko ruwan lemo, wadda ke rage kumburin a hankali. Ita ana shaƙarta kullum yadda likita ya tsara, ko da yaro garau yake, kuma sai an yi kwanaki ko makonni ake ganin cikakken amfaninta. Launi kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, akwai ma wadda ta haɗa aiki biyu, don haka a sa ma'aikacin lafiya ya nuna wa yaron da kansa wacce ce wacce. Inda kuke kuskure shi ne, da zarar tari ya lafa sai ku ajiye ta rigakafin, ku ce ai ya warke, kuma ga tsada. Lafawar nan aikin maganin ce, kumburin yana nan kwance. Tun shekarar 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da jagorar kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar matasa da manya su dogara da inhelar agaji ita kaɗai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin da ake ƙyashin kashewa a rigakafi shi ake ninkawa a gadon asibiti cikin dare.

Sai yadda ake shaƙar. Yara da yawa fesawa suke a baki maganin ya manne a harshe da maƙogwaro, huhu bai samu komai ba, sai a ce maganin ba ya aiki. Abin da ke gyara wannan shi ne robar nan mai kama da kwalba da ake kira sifesa. A girgiza inhela, a soka ta a gindin robar, yaro ya zauna a miƙe ya kama bakin robar da leɓɓansa sosai, a danna sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali kamar sau 5. In ana buƙatar fesa ta biyu, a sake girgizawa a sake yi daga farko, ba a tara fesa biyu lokaci guda. Ƙaramin da bai iya kama baki ba akwai mai marufin fuska. Wanda bai samu ta saye ba kada ya ce shi ke nan. Wani bincike da likitocin yara suka yi a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, aka buga a mujallar Lancet a 1999, ya nuna gorar roba mai cin mililita 500, in an huda gindinta daidai bakin inhela aka toshe gefen da kyau, tana aiki kamar ta kanti. Ku sa ma'aikacin lafiya ya nuna muku yadda ake haɗa ta. Bayan ta rigakafi kuma yaro ya kurkure baki ya zubar, don kada farin kumburi ya fito masa a baki.

Miƙa amanar nan mataki-mataki ake yi. Ɗan shekara 3 zuwa 5 a koya masa ya ce "Umma, ƙirjina ya matse", ya kuma saba da robar ba tare da kokawa ba. Kada a danne shi yana ihu, don mai kuka ba ya shaƙar magani. Daga 6 zuwa 9 ya riƙa yi da hannunsa kuna kallo. Ya kai 10 ya fara riƙe ta agajin a aljihu ko jakar makaranta, in an je asibiti ku bar shi ya amsa tambayar likita da bakinsa. A ɗaura ta rigakafin da abin da ba a mantawa, bayan sallar asuba da bayan isha'i, in sau biyu aka rubuta. Ku koya masa lissafi ma. Gwangwanin salbutamol galibi fesa 200 ne, kuma jin motsi in an girgiza ba shaida ba ce cewa akwai sauran magani. Ya rubuta ranar da aka buɗe shi, ya riƙa yin alama a takarda. In yana neman ta agajin fiye da sau 2 a mako, ko tari na tashinsa da dare, ciwon bai kwanta ba, a koma wurin likita. Ku kuma iyaye maza, ba biyan kuɗi kaɗai ne naku ba. Ranar da uwar ta tafi unguwa ko ta kwanta haihuwa, wa zai riƙe robar? Da ya zama saurayi ko budurwa ma kada a saki ido, don lokacin ne kunyar abokai ke sa a ɓoye inhela, lokacin ne kuma ake jan yara zuwa taba da shisha.

Akwai alamomin da dole kowa a gidan ya sani, har yayye da mai aiki. Yaro ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya jan numfashi. Fatar tsakanin haƙarƙari ko ƙasan wuya tana lotsawa ciki. Leɓe ko harshe ya sauya launi. Ya galabaita yana lumshe ido. Ko an ba shi ta agaji ba sauƙi, ko sauƙin bai kai awa 4 ba. A nan a zaunar da shi, kada a kwantar, a ba shi fesa ɗaya-ɗaya ta cikin robar, tsakaninsu daƙiƙa 30 zuwa 60, har zuwa 10, ana yi ana neman abin hawa zuwa asibiti. Ba lokacin ɗura zuma ko man zaitun ba ne, mai fama da numfashi yana iya shaƙewa. Ku roƙi likita ya rubuta muku wannan tsari a takarda, ɗaya a manna a ɗaki, ɗaya a jakar yaro.

Makaranta kuma a je da ƙafa a gaya musu, malamin aji da na islamiyya, da mai kula da ɗakin kwana in ta kwana ce. Malamai, don Allah kada a kulle inhelar yaro a ofis, kada a ce ƙarya yake don gudun aiki. A ɗauke masa sharar aji mai ƙura a ba shi wani aikin.

A cikin gida ma akwai abin faɗa. 'Ya'yana mata, na san turaren wuta ado ne, amma ba a ɗakin da mai asma ke kwana ba. Maganin sauro na ƙonawa a musanya shi da gidan sauro. A yayyafa ruwa kafin shara, a shanya katifa da matasai a rana, a yaƙi kyankyaso, a nisanta yaro da hayaƙin itace da na janareta. Mai shan taba ya sani hayaƙinsa na shiga ƙirjin ɗansa. In hazo ya sauko a rufe masa hanci da baki kafin ya fita da sassafe. Kowane yaro da abin da ke tayar masa da ciwon, ku taya shi lura har ya gane nasa.

Amma kada tsoro ya sa ku mayar da shi ɗan ɗaki. David Beckham da Paul Scholes da asma suka buga wa Manchester United ƙwallo. Paula Radcliffe ta Ingila da asma ta kafa tarihin gudun fanfalaƙi na mata a Landan a 2003. Yaron da ciwonsa ya kwanta ya yi gudu, ya buga ƙwallo, inhelarsa na kusa. In gudu na sa shi tari, a gaya wa likita ya gyara tsarin maganin, ba a hana wasan ba. In ya isa azumi, ta rigakafin tana iya faɗawa lokacin sahur da bayan buɗa-baki. Hukuncin shaƙa da rana ku tambayi malaminku tun watan bai kama ba, kuma ku gaya wa yaron cewa in ƙirji ya tsuke ba a jiran magariba.

Addu'a kuwa kada a fasa, a haɗa ta da magani, don neman magani ba rashin tawakkali ba ne. 'Ya'yana, yau ɗin nan ku fito da inhelar daga jaka, ku kira yaron, ku ce ya nuna muku yadda yake shaƙa. Inda ya kuskure ku gyara masa da lallashi, gobe ku sake. Allah ya ba yaranmu lafiya mai ɗorewa, ya ba ku ladan renonsu, amin.