Allura ta biyu da rufin asiri

A Damagaram in aka ce maka "Allah ya rufa asiri", an yi maka babbar addu'a. Amma akwai tambayar da ta daɗe tana damuna: idan rufin asiri da tsawon rai suka ci karo, wanne za a sa gaba?

Ga inda tambayar ta samo asali. Kansar bakin mahaifa, kusan dukkanta wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke haddasa ta. Mata da yawa kan kamu da ƙwayar, jikinsu ya kore ta ba su ma sani ba. Wadda ke ɗauke da sida kuwa garkuwar jikinta ta raunana, sai HPV ta samu wurin zama. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce haɗarin wannan kansa a kanta ya ninka na sauran mata sau shida. Shi ya sa ake son a fara yi mata awon bakin mahaifa tun tana da shekara 25, sauran mata kuwa sai 30.

Akwai allurar riga-kafi, ana yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14. A 2022 OMS ta amince cewa allura ɗaya ta isa. Albishir ne ga ƙasashe irin tamu, kuma da wannan tsari Najeriya ta fara a Oktoban 2023, har da Kano da Jigawa da ke kudu da mu. Sai dai shawarar ta ware yarinya mai ɗauke da sida: ita sai aƙalla allura biyu, uku in da hali.

To, mu ƙaddara wata lakwal a Birni ko Zango. An jera ƴan mata, an yi wa kowa allura ɗaya. Bayan wata shida a ce wance ta dawo. Me ya sa ita kaɗai? Kafin la'asar unguwa ta gama lissafi. Kuma yarinyar da aka haifa da ƙwayar, asirinta haɗe yake da na uwarta da na ubanta. Uwar da ta yi shiru don kada a ƙi auren ƴarta gobe, wallahi ban iya ganin laifinta.

Wani abokin karatuna ya ce maslahar jama'a ce gaba: a yi wa kowa ɗaya, kuɗin ya kai ga yara da yawa, ƴan kaɗan ɗin su yi haƙuri. Hujja ce mai nauyi, amma ban karɓe ta ba. Waɗannan ƴan kaɗan su ne cutar ta fi nema. A jikin mace mai lafiya kansar kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta bayyana, a mai raunin garkuwa 5 zuwa 10. In ta yi nisa, gashin kansa da na'ura sai Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. Ko da an ce magani kyauta ne, kuɗin mota da na ƴar jinya wa zai biya? Raba daidai tsakanin mai ƙishi da wanda ya ƙoshi, ni ban kira shi adalci.

A ganina mu ne ke haɗa faɗan nan da wurin da muka zaɓa. Yarinyar dama tana zuwa asibiti karɓar maganinta na sida. A yi mata allura ta biyu can, a ɗakin da ba mai tambayar me ya kawo ta, a yi wa uwar awo a rana guda.

Abin da har yanzu ya tsaya mini a rai shi ne yarinyar da take shan ƙwaya kullum, an ce mata maganin ƙarin jini ne. Ranar da malamar asibiti ta ɗauko allura ta biyu za ta tambayi dalili, uwar kuma tana zaune a gefe.