Jarunta ko girman kai? Abin da yaƙin Maldon ya bari

Shin shugaba yana da ikon sayen suna da jinin mabiyansa? Wata tsohuwar waƙar Ingila ta ajiye wa masu tunani wannan tambaya tun fiye da shekara dubu.

A watan Agusta na shekarar 991, zamanin sarki Etelred na Biyu, jiragen ƴan Viking, mahara daga arewacin Turai, suka sauka kusa da garin Maldon, a lardin Eseks. Wanda ya fito tarbonsu shi ne Birtnot, hakimin lardin, dattijo mai furfura. Labarin ya samo asali daga wata waƙa mai layi 325, wadda farkonta da ƙarshenta suka ɓata. Asalin takardar ma ta ƙone a gobarar 1731, sai kwafin da aka yi kafin nan ya tsira.

Ga yadda waƙar ta kawo al'amarin. Mahara suna kan tsibiri, Ingilishi suna bakin gaɓa, tsakaninsu siririn mashigi wanda ruwan teku ke rufewa in ya cika. Mahara suka nemi a ba su dukiya su tafi, Birtnot ya ƙi. Da ruwa ya janye, mutum uku kacal suka tare mashigin, abokan gaba suka kasa wucewa. Sai suka roƙi a bar su su haye a gwabza a fili. Birtnot ya yarda. Aka kashe shi yana roƙon Ubangiji ya karɓi ransa. Wani baransa, Godrik, ya haye dokin ubangidan ya tsere, mutane da yawa suka zaci hakimin ne ya gudu, rundunar ta watse. Amintattunsa kaɗai suka tsaya, suka mutu kusa da gawarsa.

A al'ummar wancan zamani, ubangida yana ba barorinsa doki, makamai da zinariya, su kuma suna biyan shi da rayukansu. Komawa gida da rai bayan ubangida ya faɗi abin kunya ne. Saboda haka mawaƙin bai yi jinkiri ba wajen yabon waɗanda suka tsaya da la'antar wanda ya tsere. Amma da ya zo kan hukuncin buɗe mashigi, sai ya yi amfani da wata kalma ta tsohon Ingilishi wadda masana suka daɗe suna gardama a kanta: ƙarfin zuciya take nufi, ko girman kai? A wata waƙar addini ta harshen, da kalmar nan aka siffanta Iblis. A 1953, malamin jami'ar Oksfod, Tolkien, ya tsaya a kan cewa zargi ne mawaƙin ya yi.

Masu kare Birtnot suna da hujja. Da ya hana su hayewa, da sun koma jiragensu sun afka wa wani garin da ba shi da mai tsaro. Biyan dukiya kuma bai kawo lafiya ba. Bayan Maldon, bisa shawarar Sigerik, babban limamin cocin Kantabari, aka ba mahara fam 10,000 na azurfa. Suka dawo, aka ba su 16,000 a 994, 24,000 a 1002, har 48,000 a 1012. A 1016 Kanut, ɗan sarkin Danmak, ya ci Ingila. Ruhubanawan Ili, waɗanda Birtnot ya kyautata wa, sun ɗauki gawarsa suka binne ta da girmamawa.

Duk da haka, hujjar ba ta share tambayar ba. Jaruntar mabiyi da ta shugaba ba a mudu ɗaya ake auna su ba. Mabiyi da ransa kaɗai yake caca, don haka tsayuwarsa sadaukarwa ce tsantsa. Shugaba kuwa yana riƙe da rayukan da ba nasa ba: manoman da aka tara daga ƙauyuka, da matan da ke jiran su. Waɗannan amana ce. Idan Birtnot ya buɗe mashigi don ya kare sauran garuruwa, to kuskuren lissafi ya yi, kuma kuskure yana da uzuri. Idan kuwa don kada a ce ya ji tsoro ne, to ya kashe dukiyar amana wajen sayen kirari.

Hausawa na cewa babba juji ne. Cikin sharar da ake zuba masa har da zargin ragwanci, wanda wani lokaci dole ya haɗiye domin mutanensa su kwana da rai. Mawaƙin Maldon ya yabi mamatan, bai kuma wanke wanda ya kai su ba. Malamin da ke koya wa yara waƙoƙin mazan jiya zai yi adalci idan, bayan ya gama kirarin jarumi, ya tambaye su mutum nawa suka bi shi, kuma nawa suka dawo.