Ƙasar Noma: Mallaka Ce Ko Amana?

Magabata sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. 'Yan'uwa matasa, ƙasar da muke nomawa ita ce romon.

Da rana dutse yakan yi zafi ya buɗe, da dare ya huce ya tsuke, har ya tsage. Ruwan sama ya ratsa tsagar, gansakuka ta kama, saiwa ta kutsa. Dutse ya koma tsakuwa, tsakuwa ta koma yashi da yumɓu. Ganye ya ruɓe, gara da tana su cuɗa. Kaurin santimita 1 kaɗai yakan ci ɗaruruwan shekaru.

To, abin da ba mu muka yi ba, muna da ikon ƙarar da shi? Talauci ya kai wasunmu galamse, inda injin haƙa ke kwashe gonar koko cikin kwanaki, kogunan Pra da Offin su zama laka. Ba mu raina yunwa ba. Amma zinari ya ƙare, rami ya saura, jikokinmu kuwa ba a shawarce su ba. Abin da muka tarar, amana ce. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, amin.