Kuɗin Jirgi Ba Lada Ba Ne



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da wata tsohuwa ta kawo mini makaranta bayan la'asar. Jikarta budurwa tana raino a gidan wani attajiri a nan Kumasi. Da azumi ya kama, maigidan ya tashi Umra da iyalinsa, aka tafi da ita saboda yara 3, ƙaraminsu yana goye. Suka yi kwana 15. Da aka komo, aka ba ta abaya da dabino, amma ko albashin watan ba ta gani ba. Uwargida ta ce, "Haba Iya, mun kai ta Makka, wane lada ya fi wannan?" Tsohuwa ta ce da ni, "Malam, shin tana da hakki?"

Na tambayi yarinyar sau nawa ta shiga Harami. Ta ce sau 2. Sauran kwanakin tana ɗaki a masauki, da azumi a bakinta, tana wanki da rarrashi, su kuwa suna tarawihi. A gida in dare ya yi takan kwanta; a can kuwa yaro ya baƙunci wuri, ya ƙi barci sai a bayanta. Fasfonta yana jakar maigida, ba ta jin Larabci, ba ta da ko riyal ɗaya. In ta ce ta gaji, ina za ta?

To, jama'a, wanda duk ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidi ya san ijara ba ta inganta sai an yanke lada, an kuma yanke lokaci. Ku tuna Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da dattijon Madyana a Suratul Ƙasas: shekara 8 aka ambata, in ya cika 10 alheri ne daga wajensa, duk an gama magana tun ba a soma kiwo ba.

Wani zai ce, ai malamanmu na Malikiyya sun halatta a ɗauki mutum aiki a kan ci da tufafi, balle tafiya Makka wadda ta ci dubban sidi. Gaskiya ne, ban musa ba. Da an zauna da ita da waliyyinta an ce kujerar nan ita ce ladanki, ta yarda, da sai in yi shiru, muddin an bar ta ta yi ibadar da aka yi mata alkawari. Amma ba a zauna ba. Sa'an nan kujerar domin wa aka saya? Da babu goyo, da an tafi da ita? In ka ɗauki magini zuwa Tamale ya gina maka gida, kai ke biyan mota, ba ka kuwa ce masa ganin Tamale ya ishe shi. Inda ba a yanke lada ba, shari'a tana komawa ga ujratul misli, watau abin da a kan biya irinta a kan irin wannan aiki, na rana da na dare.

Ko gwamnatin Gana ta kafa ƙa'ida a 2020 cewa a rubuta yarjejeniya tsakanin mai gida da mai aikin gida, da albashi da hutu a ciki. Abin kunya ne a ce sai hukuma ta tuna mana babin da mu ke biya wa yara a zaure.

Na ce da tsohuwa jikarta tana bin albashin watan, da ƙarin kwana 15. Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, in na yi magana za su kore ta, da kuɗin nan mu ke ci." Na ce ta bari, ran Juma'a in an sauko ni da liman za mu je mu gai da Alhaji.